Tukunyar Jinyar Baba Dogo

Kaji Rahila ta tarar suna shan ruwa a cikin tukunyar. Ta dire kwandon da ke kanta a ƙofar gidan maƙwabciyarta, ko sallama ba ta yi ba.

"Zuliha! Mi ya bar tukunyar ga nan?"

Zuliha ta leƙo da muciya a hannu. "Au, taki ce? A kife na tsince ta bakin ƙofa ran da kika tahi Yelwa. Maigida ya ce sammu ne, in jefar. Ni ko na ga tukunya lafiyayya, na aje wa kaji."

"Ba ki shiga wurin Baba Dogo ba?"

"Tsohon nan na bayanku? In yi mishi mi?"

Rahila ta bar kwandon a nan, ta juya da sauri.

A Gungun Marke, tsibirin da aka haife ta, wannan 'yar baƙar tukunya mai tsaga a baki ita ce tukunyar jinya. Idan ciwo ya kwantar da mutum, sai a kife ta a ƙofar maƙwabci da sassafe, ba a cewa komai. Gidan da ya tashi ya gan ta, ranar tasu ce: su dama kunu a ciki, su wanke majinyaci, su juya shi, su zauna da shi har wata safiya, sannan su kife ta a ƙofa ta gaba. Tukunya ba ta tambayar wa ke salla, wa ke zuwa coci, wa ke bin na kakanni. Kuma ba ka zuwa jinya ranar wani, don cin fuska ne, kamar ka ce gidansu ba su iya ba. Da haka ba a taɓa jin wanda ya cika shi kaɗai a Gungun Marke ba, kuma abin da suke tutiya da shi ke nan.

To, sai aka tare kogin Kwara da dam a Kainji. Ruwa ya haɗiye tsibirin, da gonakin albasa da kaburbura. Aka kwaso mutane zuwa ɗakunan siminti a jere bisa tudu, aka raba su yadda mai rabo ya ga dama. Yohanna, wanda a tsibirin yake jin tarin Baba Dogo ta zana, ya koma can ƙarshen gari. Tanko aka kai bayan masallaci. Kusa da Rahila kuma aka sa su Zuliha, mutanen wani ƙauye daga wajen Shanga, waɗanda ko labarin tukunya ba su taɓa ji ba. Mai rabo dai ya gama aikinsa, ya hau mota ya tafi.

Baba Dogo kuwa, tsohon matuƙin jirgin ruwa ne wanda babu ɗan tsibirin da bai ƙetarar ba. Matarsa ta rasu, ɗansa Jabiru ya bi aikin leburanci a dam, shiru har yau. Da ƙafafunsa suka kumbura, malamin asibiti ya duba ya ce abin ya wuce allura, sai jinya. Rahila ta yi ranarta, ta kife tukunya a ƙofa ta gaba kamar yadda ta ga Innarta tana yi, ta ɗauki busasshen kifinta zuwa kasuwar Yelwa. Iska ta tashi a tabki, jirage suka ƙi tasowa, tafiyar kwana ɗaya ta zama kwanaki. Hankalinta kwance. Ai tukunya na zagawa.

Da gudu Rahila ta isa ɗakin Baba Dogo. Wari ne ya fara tarbarta. Tsohon yana kwance a inda ta bar shi, tabarma ta jiƙe, ƙwaryar ruwa ta bushe ƙaf, leɓunansa sun tsattsage. Ɗakin simintin nan ko ihu ka yi a cikinsa, ba ya fita.

"Baba! Ni ce, Rahila."

Ta ɗebo ruwa, ta tallafi kansa, tana ɗiga masa da ludayi. Ta wanke shi tana kuka, ta sauya tabarma. Sai can ya buɗe ido.

"Ɗiyata," ya ce, muryar da kyar take fita. "Daga ke, sai Yohanna."

"I, Baba."

"Bai zo ba. Na ce ko ba shi lahiya. Daga shi, sai Tanko. Bai zo ba." Ya huta. "Sai gidan su Talatu. Ni na ƙetarar da uwarta tana naƙudarta."

Ashe yana kwance yana bin ƙofofin tsibirin ɗaya bayan ɗaya, ƙofofin da yanzu kifi ke shiga yana fita.

"Mi na yi musu, Rahila?"

"Ba ka yi komai ba, Baba! Tukunya ce ta ɓata hanya. Ba ta kai gare su ba."

Ya rufe ido. "Tukunya ba ta ɓata hanya. Kar ki rufa musu asiri."

Wannan magana ta fi warin ɗakin yi mata ciwo. In mutuwa ce, wannan na Allah ne. Amma ya tafi yana ganin mutanensa sun ƙi shi? Ina! Sai ya gan su da idonsa.

"Ina zuwa, Baba. Yanzun nan."

Ya motsa yatsu kamar zai kama bakin zanenta, amma ta riga ta miƙe.

Gari ne mai tsawo, wanda ya zana shi bai taɓa gudu a cikinsa ba. Ta sami Yohanna yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

"Kwana nawa nike duba ƙofata da sahe!" ya ce, ya yar da komar. "Na ɗauka tana wurin Tanko."

Tanko ya ce ya ɗauka tana wurin Yohanna. Talatu ta ce tun shekaranjiya ta surfa geronta tana jira. Kowa da niyyarsa a ajiye, ba wanda ya so ya ci fuskar wani.

Suka dungumo gaba ɗaya, Rahila a gaba tana haki.

"Baba, ga su! Ga Yohanna, ga Tanko! Duba ka gani!"

Fuskarsa na kallon ƙofa, idanunsa a buɗe, hannunsa a miƙe inda ta tashi. Tanko ya durƙusa ya taɓa wuyansa, ya yi salati a hankali. Yohanna ya cire hula. Rahila ta tsaya riƙe da bakin zanenta, ta kasa ko kuka.

Ana cikin haka aka yi sallama. Zuliha ce, ta wanke tukunyar tas, ta cika ta da kunun tsamiya, ta riƙo da tsumma don zafi.

"Talatu ta gaya mini a hanya," ta ce, tana duban fuskokinsu ɗaya ɗaya. "Wallahi ban sani ba. In ya sha, ƙofar wa zan kai ta?"

Tanko ya sa hannu ya rufe idanun tsohon. Zuliha ta daɗe a tsaye, sannan ta ajiye tukunyar a bakin ƙofar, kusa da tsohon filafilinsa na tuƙin jirgi. Tururi ya yi ta tashi har ya daina.