Ranar da Sa'adiyya Ta Zare Wayoyi

Sa'adiyya ta durƙusa a bayan kantar ƙarfen, ta kama wayar wutar na'ura ta farko, ta fizge.

"Ke! Me kike yi haka?" Dakta Ɗayyabu, shugaban asibitin, ya daka mata tsawa.

"Gwaji, ranka ya daɗe. Ba Alhaji ya ce tarkace ba ne?"

Alhaji Abdulhakeem dillalin wani kamfani ne, kuma tun safe yake zuba kamar an kunna rediyo. Wai babbar na'urarsu, menfirem, guda ɗaya ce tak, amma sai ta shekara goma ba ta ɗauke ba. Gaskiya ya faɗa, Sa'adiyya ta sani, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. In Dakta ya sa hannu yau, za a kwashe ƙananan na'urorin kwamfuta goma sha biyu da ta haɗa da hannunta, masu riƙe da katin kowane majinyaci a wannan asibiti na bayan Ƙofar Nassarawa. Ita da abokan aikinta biyu kuma sai gida, don kamfanin ne zai riƙa kula da sabuwar.

Ga shi Litinin ce, ranar masu hawan jini. Layi ya kai bakin titi.

Ta kira Kande mai ba da kati a waya, ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji. "Kande, kati yana fita?"

"Yana fita mana. Lafiya?"

Ta zare ta biyu, ta zare ta uku. Kowane kati a wurare da yawa ta ajiye shi, in na'ura ɗaya ta faɗi sauran su ɗauki kayanta. Sai dai ba ta taɓa wuce uku ba ko a gwajinta na ita kaɗai. Tsoro ya kama ta sosai. Ta dubi murmushin Alhaji, ta zare ta huɗu.

"Sa'adiyya, abin nan ya yi nauyi fa," in ji Kande. "Ga wata Hajiya nan tana ta yi mini wankin babban bargo."

Dakta ya cire hula ya mayar.

"Yauwa, ya fito," in ji Kande. "Ya ma koma daidai."

Alhaji ya gyara babbar riga. "Kun dai ji da kunnenku, ta yi nauyi. Tamu ba ta san wannan ba."

"Haka ne, Alhaji," in ji Sa'adiyya. "Taku ta fi ƙarfi, ta fi sauri, ban musa ba. Amma ranar da ta tsaya, wa zai buɗe ta?"

"Injiniyanmu. Ba a yarda kowa ya taɓa ta ba."

"Yana ina?"

Ya ɗan yi tari. "Legas. Kwana biyu ya iso, in akwai kayan gyaran a ƙasa."

"Waɗannan kuwa in ɗaya ta ƙone, adaidaita sahu zan hau zuwa kasuwar kwamfuta ta Titin Beirut. Kafin azahar na dawo da wata."

Dakta ya daɗe yana kallon takardun cinikin. Can ya tura wa Alhaji abinsa. "Za mu neme ka." Sannan ya juyo, fuska a murtuke. "Ke kuma kin yi caca da marasa lafiyata. Na dakatar da ke mako biyu, daga yanzu."

Ta san ta cancanci hakan, kuma ko kaɗan ba ta yi nadama ba. Ta gyara mayafi, ta rataya jaka. Har ta kai ƙofa ya kira ta.

"Wayoyin fa? Wa zai mayar da su?"

"A bar su haka, ranka ya daɗe. Takwas ɗin za su riƙe asibitin har na dawo."