Foldar da Yaya Ya Buɗe

Ranar Litinin da safe sakatariya ta hau bene tana dafe da gwiwa, ta sami Injiniya a ɗakin da aka ajiye babbar kwamfutar imel ta kamfanin.

"Ɗan nan, foldar wasiƙun kwastomomi ta ƙi buɗuwa. Wai ba ni da izini. Shekara goma sha ɗaya ina shiga, yau an mai da ni baƙuwa."

"Zauna, Gwaggo, bari in duba."

Ba ita kaɗai ba ce, duk mutum shida na ofishinta an rufe musu ƙofa. Ya sake saka sunayensu, kwamfutar ta ƙi karɓa. Sai ya duba gurbin mai foldar, ya ga babu suna, lambobi ne kawai a jere.

Yayansa ne ya buɗe foldar tun farko. Shi ya riƙe wannan kujera kafin shi, shi ya koya masa aikin, har ciwo ya ɗauke shi bara. Wata tara Injiniya yana jan ƙafa, ya kasa rufe adireshin imel na mamacin, sai ranar Juma'a da manaja ya matsa ya rufe. Ashe duk izinin da Yaya ya bayar a jikin adireshin yake rataye.

Ya dawo da adireshin, ya mayar da foldar hannun ofishin, ya bi sunayen shida ɗaya bayan ɗaya. Aiki ya ƙare, amma hannunsa bai bar wurin ba. Ya aika saƙon gwaji zuwa adireshin Yaya, kamar yadda ya saba yi a ɓoye duk mako. Nan take amsar da Yaya ya bari ranar da zai kwanta asibiti ta shigo: "Ba na ofis, sai sati mai zuwa. In da gaggawa ku nemi ƙanena, ya fi ni haƙuri."

Sakatariya ta karanta ta bayan kafaɗarsa.

"Ni ma ina aika masa," ta ce a hankali. "Buga min ita a takarda kafin ka rufe."

Ya buga biyu. Sannan ya rufe adireshin, ya riƙe mata hannu suka sauka benen.