Albasar Baba Labo

"Ba zan rufe ba, Mushe Darakta."

Lantana ce ta faɗi haka, tana tsaye a bakin magudanar ruwa ta gonakin rani na Konni, makullin ƙofar ruwan na rataye a wuyanta. Ita ce malamar gona mai raba wa manoma ruwa, shekararta biyu da gama lakwal, wato makaranta. Seyni, shugaban aikin da aka turo daga Yamai, wanda ake kira Mushe, wato yallaɓai da Faransanci, ya cire tabarau ya dube ta.

"Madmazel, takarda ce daga sama. Ranin bana alkama kowa zai shuka. Wanda ya dasa albasa, babu ruwa."

"Wanda ya rubuta takardar, ya taɓa sayar da ko tiya ɗaya ta alkama?"

Seyni ya shiga motarsa. Kowa dai ya sani, alkama gwamnati kaɗai ke saye, a farashin da ta yanka tun kafin shuka. Albasa kuwa, manyan motoci ke biyo ta har bakin gona, su kwasa zuwa Sakkwato da Abijan. Shi ya sa Baba Labo, dattijon manoman wurin, ya dasa ta, mutum goma sha biyu suka bi shi.

Shi ne kuma ya tare Lantana bayan tafiyar darakta.

"Ɗiyata, rufe masu abinsu. Dashen nan kwanansa goma. In muka tuge yanzu, alkama ba ta wuce mu ba."

"Baba, mu ke da gaskiya. Zan rubuta wa hukuma a Tawa."

"Gaskiya ana tuwo da ita?" ya ce, yana dariya. Amma bai tuge dashen ba, saboda ita ce mai karatu.

Ta rubuta Tawa, ta rubuta Yamai, har sau huɗu. Sati shida tana buɗe ruwa da hannunta. Albasa ta yi shar, ta fara kai. Ranar wata Laraba jandarma biyu suka zo, suka karɓi makullin, suka ɗaure ƙofar da sarƙa. Cikin kwana tara ganyen ya kwanta. Lokacin shukar alkama kuma ya riga ya wuce.

Aka ƙwace gonakin goma sha uku, aka ba wasu. Samarin gidajen suka tsallaka Najeriya ci-rani, da yawa ba su dawo ba, har da ƴaƴan Baba Labo biyu. Ita aka mai da ta Tajaye, inda ruwa sai na rijiya. Seyni ya aiko da farar takarda, cewa in ta rubuta neman afuwa za a dawo da ita. Ta mayar masa da farar takardarsa.

Bayan shekara tara aka soke dokar. Albasa ta cika gonakin, motoci suna layi. Lantana ta ga Baba Labo a kasuwar Illela, zaune a ƙasa yana sayar da igiya.

"Malama, ashe ke ad da gaskiya," ya ce, ba da gatse ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ba ta taɓa neman afuwar kowa ba, kuma har yau ba ta ga laifinta a gaban hukuma ba. Amma tsayuwar tata ta ci mata shekara tara a Tajaye. Baba Labo kuwa, da ya roƙe ta ta rufe, gonarsa ta ci masa, da ƴaƴansa biyu.