Zare Ɗaya Don Janar

Mu mutanen bakin kogin Nam Ou ba mu san kishi ba. Na daɗe ina koyar da tarihin ƙasar Laos kafin in yi ritaya, ban kuma taɓa cin karo da shafin da ya ce wani ɗan garinmu ya yi baƙin ciki da arzikin maƙwabcinsa ba. Addinin Buddha ya wanke mana zuciya tas. Mai shakka ya dubi matata Buawan da ƙanwarta Keson. Mu muna da masaukin baƙi, ita tana da rumfar taliya a tsallaken hanya, ƙofa na kallon ƙofa, kuma kullum sai sun gaisa.

Bayan damina jirgin ruwa ya sauke mana wasu 'yan yawon duniya daga Indonesiya, kowa da jaka a baya kamar kunkuru: Bagas, matarsa Wulan, da 'yarsu Sekar mai shekara biyar. Ita ma da tata 'yar jakar, cike da duwatsun da take tsintowa tun daga Kambodiya. Jikarmu ɗaya ce tal, tana Bangkok, a waya muke ganinta, ita ma rabin fuska. Saboda haka Buawan ta ba su ɗakin da ke kallon kogi, ta fito da sabon gidan sauro, ta kuma nemo matajin da ta ɓoye tun yayen 'yarmu Wilai.

Yarinyar a gidanmu take kwana, amma a rumfar Keson take cin abinci. Dalilin ba boyayye ba ne. Musulmi ne, girkin Buawan kuwa babu abin da man alade bai taɓa ba. Keson tana da kifin kogi da ƙwai, ta kuma ware musu tukunya. Ni da nake musu tafinta da Turanci na bayyana wa Buawan haka dalla-dalla.

"Tukunya!" in ji ta. "Keson da ko ruwan zafi sai ta ƙona shi? Alewa take ba ta a ɓoye, na san halinta."

Abu ɗaya ne ke tsayar da Sekar a tsakar gidanmu, shi ne Janar, zakarana na faɗa, ja mai dogon wuya, wanda bai taɓa juya wa abokin karawa baya ba. Kowace safiya sai ta tsuguna gaban kwandonsa tana ba shi shinkafa, tana yi masa hira da yarensu. Buawan ba ta taɓa gani ba. A wannan lokacin tana bakin hanya tana zuba wa sufaye sadaka a ƙwarya, ido ɗaya a kan sadakar, ɗaya a rumfar ƙanwarta.

Wata rana da hantsi muka ji muryar yarinyar daga tsallake: "Mae tu!" Wato kaka. Tana zaune a cinyar Keson, ana dunƙula mata shinkafa.

Keson ta ɗaga murya. "Yaya, kin ji jikata? Wallahi ba ni na koya mata ba."

"Na ji. Ai kin yi kama da kaka tun kina budurwa."

"Ki aiko min da matajin nan, gashinta ya hargitse."

Buawan ta shigo ta ajiye tsintsiya a hankali, abin da ya fi jifa da ita ban tsoro.

"Baban Wilai, yaushe za su tafi?"

"Jibi da safe."

"To gobe da yamma zan yi musu basi, bikinmu na ɗaura wa matafiyi zaren albarka. A gidana suka sauka, a gidana za a kira kurwarsu. Ni zan fara ɗaura wa yarinyar zare. Mu ga ko da taliya ake zama kaka."

Na gaya wa Bagas. Ya yi shawara da matarsa, ya ce in dai fatan alheri ne ga matafiyi, sun gode, za su zauna.

Washegari aka aike ni ƙauyen gaba in ɗauko tsohon da ke jagorantar basi. Da muka dawo, ƙamshin citta da tafarnuwa ya tarye mu tun daga mashigar jirgi. Tabarmi a shimfiɗe, ga hasumiyar ganyen ayaba da furanni, fararen zaruruwa na reto a jikinta. A gindinta, kan faranti, ga dafaffiyar kaza mai dogon wuya. Na leƙa bayan gida. Kwando a kife, babu kowa a ciki.

"Buawan."

"Ka ce ba sa cin alade. Ga kaza. Da kajin kasuwa masu ƙashi zan tarbi baƙi, Keson na kallo?"

"Janar ne fa."

"Ya yi yaƙi ya gaji. Je ka sa riga."

Na sa riga. Tsoho ya rera kiransa, ya tattaro kurwar kowa daga duk inda ta maƙale a hanya. Buawan ta riga kowa miƙa hannu, ta ɗaura zarenta a wuyan hannun Sekar, ta juya ta kalli ƙanwarta. Keson ta ɗaura biyu. Buawan ta ƙara uku. Kafin a tashi, hannun yarinyar ya koma kamar na wanda ya karye aka yi masa ɗori.

Sai Buawan ta yago cinya ta miƙa mata. Wulan ta riƙe hannun 'yarta, ta yi murmushin neman afuwa. Bagas ya matso kusa da kunnena.

"Malam, wa ya yanka?"

"Uwargida. Murɗe wuya take yi."

"Ayya. Ba ma cin abin da ba a yanka da sunan Allah ba. Da an gaya min ai da na yanka muku da kaina."

Na fassara, domin aikina ke nan. Keson ta ɓare dafaffen ƙwai daga cikin waɗanda ta kawo gudummawa, ta ɗora a tafin yarinyar.

"Ci, jikata. Yaya, ki ba Malam cinyar, ai shi ya yi kiwo."

Da safe muka raka su bakin kogi. Sun riga sun saɓa jakunkuna sai Sekar ta ja ni da riga, ta nuna hanyar gida, ta yi cara irin ta zakara. Uwarta ta ce tun jiya take neman Janar, tana son yin sallama.

"Ki ce mata ya tafi yawon duniya, kamar ku," na ce.

Yarinyar ta gyaɗa kai, abin bai ba ta mamaki ba. Ta sa haƙori ta kwance zare ɗaya daga hannunta, ta ba ni, ta nuna ƙafarta. Wato in ya dawo in ɗaura masa.

Jirgi ya ja baya. Daga tsakiyar ruwa ta ɗaga hannu ta ƙwala, "Mae tu!" Buawan da Keson suka ɗaga hannu tare.

"Ni take kallo."

"Ke da idonki ko allura ba ya gani, Yaya?"

"Zaren wa ta kwance? Naki ne, na gane ƙullin."

Na bar su a nan na koma gida. Na ɗaura zaren a jikin kwando, na ɗumama sauran naman, na zauna a bayan gida na ci. Da tauri, kamar yadda ya kamata.