Bandar da Babu Nama

Ranar da aka sallamo Ragib daga asibiti a Sarajevo, babban birninmu, da ɗinki tun daga ƙasan wuya har bakin ciki, likitar ta zaunar da ni ta karanto mini abin da ba zai ƙara ci ba: naman banda, kitse, gishiri kuma sai ɗan kaɗan. Ta ce zuciyar da aka gyara ba za ta ɗauki yanka na biyu ba. Ni dai nama na ji da ƙarfi, don na san wanda nake aure. Shekara arba'in mutumin nan yana bandar naman shanu, duk ƙauyenmu in sanyi ya shigo aka yanka, wurinsa ake kawo cinya. Muna isa gida, ko mayafi ban cire ba na datse ɗakin bandarsa da kwaɗo, na rataya makullin a wuyana. Gishirin kicin kuma na ɓoye shi a bayan gwangwanin gari.

Wata biyu muka yi lafiya lau. Ina dafa masa miyar wake salam, yana sha yana mita, ina jin daɗi, don mai mita ai yunwa yake ji. Sai kaka ta ƙare, hayaƙi ya fara tashi daga bayan kowane gida, shi kuma Ragib ya daina mita. Ya shanye miyar nan tas, har da "Allah ya yi albarka, Zumra," yadda yake taƙaita sunana Zumreta. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Likita ta ce ya riƙa tattaki kullum da safe. To, ga shi nan, tattakin rabin awa ya koma awa biyu. Ranar nan ya dawo, na karɓi rigar sanyinsa zan rataye, ƙaurin itace ya daki hancina.

"Ina ka je?"

"Tattaki mana."

"Tattaki a cikin murhu?"

"Haba Zumra, garin nan kaf hayaƙi ne. Ko akuya ta bi layi sai ta dawo da ƙauri."

"Matso in ji gashin bakinka."

Ya yi dariya ya matso. Na shinshina kamar mage. Hayaƙi dai akwai, maiƙo ban ji ba, amma wanda ya shekara arba'in a sana'a ai ya san yadda ake goge baki.

Maƙwabciyata Muniba, wadda ba ta taɓa ganin wuta ta wuce ba ta ƙara mata itace ba, ita ta ƙarasa ni. Muna shan gahawa ta ce, "Ni dai ban ce komai ba, Zumreta, amma sau uku ina ganinsa yana karya kwana ta lungun ƙaninsa Zaim. Shi kuwa Zaim shekaranjiya ya kayar da sa, ƙato, sai da mutum huɗu suka riƙe." Ta kurɓi gahawa ta ƙara da cewa, "Marigayi nawa ma haka ya yi. A aljihu na riƙa tsintar masa naman, har ranar da aka ɗauke shi."

Wallahi tsoro ne ya kama ni, ba fushi ba, fushin daga baya ya zo. Na tuna shi kwance da robobi a hanci, hannunsa sanyi ƙalau. Ga kuma 'yarmu Belkisa da ke Graz, can ƙasar waje, wadda tun da ta je can ta daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, ko ƙwai ko madara. Da can uban ba ya iya minti biyu da ita a waya ba su yi faɗa a kan nama ba. Yanzu kuwa sai ƙus-ƙus, ina shigowa ya ce, "To sai an jima, ga mamarki." Me uba mai banda zai ƙulla da 'yar da ba ta cin nama? Na ce lallai ita yake lallashi ta rufa masa asiri.

Ranar Talata na bar shi ya fita, na ƙirga ɗari, na bi shi. Bai ko waiwaya ba, kai tsaye bayan gidan Zaim. Na ba shi lokaci ya zauna, sannan na banka ƙofar ɗakin bandar.

Ga shi tsugune yana gyara wuta, Zaim na tsaye. A saman kansu abubuwa ne jere a ƙugiya, baƙi-baƙi, sun yamutse, irin waɗanda na saba gani tun ina amarya.

"Ragib! Ashe mutuwa kake so? Ka faɗa mini in sayo likkafani tun da sauran kuɗi a hannuna!"

"Yaya Zumreta, tsaya ki ji," in ji Zaim.

"Kai rufe mini baki, munafuki! Yayanka ne, da hannunka za ka kai shi kabari?"

Na fizgi wuƙa daga gungume, na sauko da guda na tsarga. Ja wur! Na ɗaga shi sama ina ihu, "Wannan mene ne? Kabeji?"

Ragib ya miƙe a hankali, dafe da ƙirji kamar yadda aka koya masa. "Tsvekla ce, tsohuwa. Ta lambunki ma."

Na duba da kyau. Tsvekla ce kuwa, jan tushen nan da nake yanka wa a kwaɗon ganye. Na gaba baƙar gauta ce an tsaga ta biyu. Na kusa da ita awara ce, an yanka ta dogo-dogo, hayaƙi ya mai da ita kamar tsokar cinya. Ya ce Belkisa ce ta koya masa, wai can a Graz har shago ake da shi, sai dai ya gyara mata tsarin, don yarinya ba ta san banda ba.

Kuna tsammani na yarda? Ina! Na ce wannan na gaban ƙofa ne, na rufe idon mahaukaciya. Na sa Zaim ya kawo tsani, na hau da shekaruna sittin da uku na bi ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya har ƙuryar rufi. Na buɗe gangar katakon da ake jiƙa kaya, na tura hannu har gwiwa, gauta da awara kawai. Zaim ya rantse cewa naman san da ya kayar yana ɗakin surukinsa, Ragib ne ya ce ba zai haɗa wuta da shi ba. Ban tsaya nan ba, na kamo magen gidan na ajiye mata yanki. Ta shinshina, ta dube ni, ta yi tafiyarta.

"To, ga shaidarki ta tafi," in ji Ragib. "Saura alƙali ya ɗanɗana."

Na gutsura. Harshena maiƙo yake nema, bai samu ba. Abin da ya samu ɗanɗanon gidanmu ne na shekara arba'in, sak. Kunya ta rufe ni, kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce, "Ba cin ba ne ya dame ni, Zumra. Kowa ya hura wuta, nawa ɗakin a kulle. In na wuce maza sai su rage murya, kamar gidan makoki." Nan na ciro makullin daga wuyana na danƙa masa.

Daga ranar na zama ni ce mai talla. Safe in yanka masa awarar sirara-sirara da burodi, rana in jefa gautar a miyar wake, miyar ta tashi daga salam, yamma tsvekla. Yana ci yana lumshe ido, ina ƙara masa. Na kai wa Muniba faranti guda don in toshe mata baki. Duk wanda ya tambayi jikin maigida sai in ce, "Ras yake, ko ƙwayar nama ba ya shiga gidana."

Sati uku da haka, takalminsa ya ƙi shiga. Na danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Daga ƙofar gida zuwa ɗakin banda, taku ashirin, sai ya tsaya sau biyu yana haki. Tsohon zargina ya dawo sabo fil. Na ce shi ke nan, an yi mini wasa da hankali, gautar ta ido ce, naman yana wani wuri. Na zazzage aljihunsa, na ɗaga katifa, na tare Zaim a bakin masallaci na wanke shi tas a gaban mutane. Ragib ya ce, "Na rantse da Wanda ya raya ni a kan teburin tiyatar nan, rabona da nama tun kafin yanka." Na ce, "Rantsuwarka ka kai wa likita."

Muka hau bas zuwa Sarajevo. Na ƙunsa masa awarar da burodi a jakata, don kada ya ce yunwa ya leƙa wurin masu gasa nama. Likitar ta ɗora shi a sikeli, ta saurari bayansa, fuskarta ta canja. Ta ce ruwa ne ya taru, har ya fara hawa huhu, yau ba zai koma gida ba.

"Yana cin nama?"

Na ce, "Tambaye shi, likita, ni na gaji."

"Ba na ci," in ji shi.

"Gishiri fa?"

Na yi caraf na ce, "Wannan kam ni ce shaida. Tun ranar da kika faɗa na ɓoye shi."

"To me kake ci, Baba?"

Sai tsohon ya gyara zama, har da ɗan murmushi, ya shiga ba ta labarin bandarsa mara nama. Ni kuma na tura hannu a jaka zan fito da ƙunshin, ta gani da idonta irin ƙoƙarin da muka yi. Ta ce yaya ake yin ta? Ya ce yadda ake yin kowace banda mana: a shimfiɗa a ganga, a bi kowane layi da gishiri cikin tafi biyu, a danne da dutse kwana biyar, sannan a rataye.

Likitar ta ajiye biro. "Tafi biyu. Kowane layi."

"In ba haka ba ai ruɓewa zai yi, 'yata. Wa ya taɓa banda ba gishiri?"

Buhunan nan suna jingine a ɗakin banda, kullum ina wuce su, ban taɓa kiransu gishiri ba. Kayan aiki ne, kamar itace. Na hau tsani, na kamo mage, na zagi Zaim, na sa hannuna har gwiwa a cikin ruwan gishirin nan ina laluben nama. Sau uku a rana nake ba shi, da hannun nan nawa, har ina ƙara masa.

Likitar ta juyo kaina, ba wasa a fuskarta. "Mama, ke na zaunar na yi wa bayani. Da saninki yake cin wannan?"

Hannuna na kan ƙunshin a cikin jaka.

"Ba ta sani ba," in ji Ragib, yana haki tsakanin kalma da kalma. "A ɓoye nake ci, a gidan ƙanina. Ita miyar wake kawai take ba ni. Ni za ki yi wa faɗa."

Wata guda da ɗoriya ina farautar wannan magana daga bakinsa, ranar da ya faɗe ta kuma ƙarya ce. Likitar ta shiga yi masa faɗa kamar ɗan yaro, ya sunkuyar da kai yana "to, to." Da aka kawo keken da za a tura shi ɗakin kwanciya, na durƙusa zan cire masa takalmi, na tarar ya taka bayansu ne kawai, ƙafar ba ta shiga ba tun daga gida.