Kunnuwan da Ke Ƙarƙashin Tabon Azumi

Azumi mai hatsi ce a Kasuwar Kure, macen da in ta kira mai saye har bakin titi ake jin ta. Bara aka yanke mata nono ɗaya saboda ciwon daji. Likita Mabel ta zaunar da ita, ta ce nata ciwon mai kunne ne. Akwai sinadarin da jikin mace ke yi, ragowar ciwon kuwa kunnuwansa na bakin ƙofa. Da sinadarin ya taɓa su, saƙo ya shige ciki kafin ƙiftawar ido, ciwon ya farka. Ƙwayar da za ta riƙa sha toshe kunnuwan take yi. Kada ta sha ko ta shafa komai ba ta tambaya ba.

To, ƙwayar na taso mata da zafi, gumi ya jiƙa mayafi ana tsakar awo. Rukayat, maƙwabciyar rumfarta, ta gani ta ji tausayi, ta kawo wani man shafawa a farar roba, wai yana maido wa mace ƙuruciya. Ba ta miƙa ba, da hannunta ta shafa mata a wuya da ƙirji.

Mutanen yanzu sun ɗauka kara ba ta kisa. Azumi ta tuna gargaɗin likita sarai, amma yaya za ta ture hannun da ya riƙe mata rumfa tana kwance asibiti? Ta ƙyale ta. Kullum bayan azahar sai an shafa.

Zafin ya tafi. Amma duk sanda man ya taɓa ta, sai ta ji wani abu ƙarƙashin tabon ya yi tsit, kamar mai barci ya ji an ambaci sunansa.

Da damina ta ja baya, yatsanta ya ci karo da ƙullutu kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin tabon. Ta kai robar asibiti. Aka auna man, aka auna ta. Likita Mabel ta duba sakamakon, ta ce:

"Mama, sinadarin da muke ɓoye wa ciwon ne a cikin man nan. Ya ji."

An sake sa mata ranar tiyata. Tana zuwa kasuwa har yanzu, amma ta daina kiran masu saye. Rukayat ta tambaye ta ko maƙogwaro ne.

Azumi ta dafa ƙirji, ta ce a hankali, "Rage murya, ƙawata. Yana saurare."