Taragon Kwal Mai Lotsattsen Gefe

Wata uku Zibuyile Mdlalose ta yi tana haɗa tarago guda ɗaya, wanda gaba ɗayansa bai fi tsawon hannunta daga wuyan hannu zuwa kan yatsa ba. Taragon kwal ne irin na da, mai ciki tsukakke kamar mazurari da ƙofofi a gindi, waɗanda in an buɗe kwal yake zubewa da kansa. Da reza ta yanka robar, da tsinken sakace ta ɗiga kawunan ƙusoshi fiye da ɗari biyu. Kowane awo daga wani tsohon zanen injiniyoyi ta ɗauko shi, a laburaren Dundee inda take aiki, ta raba shi gida tamanin da bakwai.

Ba don ado ta yi wannan wahala ba. Ƙungiyar masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa ta Glencoe tana da doka: ba a karɓar sabon mutum sai ya kawo taragon da ya haɗa da hannunsa, dattijon da suke kira Oom Hennie Viljoen ya auna shi, ya ɗora a kan dogon ƙungiya. In ya mayar maka da abinka, sai baɗi. Tun tana 'yar makaranta take leƙen tsofaffin nan ta tagar tsohon siton da suke taruwa, ga shi yanzu Asabar mai zuwa ce ranarta.

Ran Laraba da la'asar ta kai wa kakanta ya gani, ko da yake gani ya daɗe da yi masa wuya. Yana zaune a baranda da kwanon tuwon masara da nono. Ya goge hannu a wando, ya karɓa, ya bi gefe ɗaya da babban yatsa, ya juya ya bi ɗayan.

"Jikalle, wannan taragon naki bai taɓa cin kwal ba."

Ta ce ai kwal ɗin tana nan tana daka shi a turmi, gobe za ta zuba. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce ba cikin yake nufi ba, jikin. Sumul yake kamar kumatun amarya.

Ta san ya yi aikin jirgi a tashar lantarki, amma ba ta taɓa tambayar wane aiki ba. A ranar ta ji. Ya ce lokacin mahaifinsa taragon shimfiɗaɗɗen gindi ne da shi, da shebur ake kwashe kwal, mutum huɗu su wuni a kan guda. Da aka kawo masu ƙofa a ƙasa sai aka ce an huta. To amma kwal ɗin da aka wanke a mahaƙa jiƙe yake zuwa, in sanyin Yuni, tsakiyar hunturun ƙasar, ya doke shi a hanya sai ya dunƙule ya ƙi fita. A buɗe ƙofa, shiru. Sai a kira masu guduma. Shekara goma sha tara kakanta ya yi yana dukan cikin tarago har ya saki abin da ya haɗiye.

Nan take ta tuna hotunan laburare. Ta sha ganin wasu duhu-duhu a jikin taragon, ta ɗauka tsufan takarda ne.

Ta tambaye shi ko ko'ina ake duka. Ya ce ina, gefe ɗaya kawai, hagu in an shigo. Dama bango ne, babu wurin tsayuwa. Kuma taragun ba a juya su, daga mahaƙa zuwa tasha, daga tasha zuwa mahaƙa, shi ya sa gefe ɗaya ya sha duka har ya zama kamar tsohuwar tukunya, ɗayan ko ƙwarzane babu.

Da ta tambayi tsayin wurin dukan, sai ya miƙe, ya sa ta riƙe masa kugu, ya ɗaga sandarsa ya kai wa bangon baranda duka sau uku. Ta auna tabon da tef ɗin ɗinkin mahaifiyarta, ta raba gida tamanin da bakwai a bayan wata ambulan.

Kwana biyu tana jujjuya abin. Zanen bai nuna lotsawa ba, kuma da zane Oom Hennie yake auna komai. In ta bar shi sumul, kusan tabbas zai wuce. In ta lotsa, ba gyara. Amma duk lokacin da ta kalli gefen hagun sai ta ji kamar littafi ne aka yage wa shafi. Ran Juma'a da rana ta ɗora kan ƙusa a wutar risho, ta gwada a guntayen roba har ta gane zafin da ya dace, sannan ta jawo taragon. Lotsawar farko ta zurfafa fiye da yadda ta so. Ta yi talatin da ɗaya, cunkushe a saman ƙofofin, ta bi su da fenti kalar tsatsa.

Ran Asabar mutum bakwai ne a siton, ana ta shan shayi. Mista Ramdhani, mai kula da wayoyin lantarkin teburin da aka shimfiɗa dogon a kai, ya ja mata kujera yana cewa yau dai 'yar laburare ta gano inda ƙofa take, tagar ta huta. Ta ajiye taragon a gaban Oom Hennie da gefen dama yana kallonsa. Ba da niyya ta yi ba, ko kuwa da niyya ne, ita ma ba ta sani ba.

Ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Ya auna tsawo, ya auna tsakanin ƙafafu, ya ƙirga ƙusoshin layi guda yana gyaɗa kai. Sai ya juya shi.

"Yarinya, a rana kika manta da shi?"

Ta buɗe baki, bayanin da ta haddace a tasi ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, guduma ce. Ta haɗa sauran da ƙyar: kwal jiƙaƙƙe, sanyi, kakanta, bango a dama.

Oom Hennie ya ture zanen gabanta ya ce ta nuna masa. Sannan ya ce ba ma zane ba, shi da kansa ya ja waɗannan taragun zuwa wannan tashar shekara goma sha ɗaya da injin tururi, yana leƙa su ta taga safe da yamma, bai taɓa ganin ɗaya a haka ba. Ya fara mayar da shi cikin kwalinsa a hankali, irin na mutumin da ba ya son ɓata wa kowa rai.

Ya kamata ta ji kuka ne, sai tambaya ta zo mata. Mutum biyu, tarago ɗaya, kuma ba ta ga alamar ƙarya a bakin kowannensu ba.

"Oom, a wane gefen injin direba yake zama?"

"Dama mana."

"In za ku komo fa? Ana juya injin?"

Ya ce ba wurin juyawa a can, zagayowa suke su kama wutsiyar jirgin, su komo da baya. Bai ƙarasa ba hannunsa ya tsaya a kan kwalin. Mista Ramdhani ne ya fara ganewa, ya ajiye kofinsa ya ce, wato shekara goma sha ɗaya rabin jirgi kake ja, Hennie, zuwa da komowa gefen dama kawai kake gani.

Ba wanda ya yi dariya sosai. Oom Hennie ya ce ƙarar gudumar kam ya sani, har cikin haƙora ake jin ta, lokacin ne yake buɗe kwanon abincinsa. Bai taɓa sauka ya zagaya ba. A zamanin, direba ba ya zuwa inda leburori suke.

Ya sake fito da taragon, ya daɗe yana kallon lotsawar farko, mai zurfin nan. Ya ce in aka mayar da ita girman gaske, gudumar da ta yi ta sai ta kai kabewa. Zibuyile ta ce ta sani, da ita ta fara.

Ya ɗora shi a kan dogo, ya maƙala shi a bayan taragonsa goma sha biyu masu sheƙi, ya ce wa Ramdhani ya ba da wuta. Jirgin ya motsa. Maimakon ya koma kujerarsa, sai tsohon ya ɗauki sandarsa ya ratsa tsakanin tebur da bango, inda ba mai bi sai in waya ta tsinke, ya tsaya yana jira jirgin ya zagayo ya ga lotsattsen gefen. Daga can ya ɗago murya ya tambayi sunan kakan nata, da kuma ko yana iya hawa mota.